Tsakanin Filin Makaranta da Babban Fili

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Da takardar sakatare ta iso mini cewa ni zan yi magana a kan ƙwallon ƙafa da renon matasan 'yan wasa, sai da na yi dariya ni kaɗai. Waɗanda muka yi aji ɗaya da su sun san dalili. Shekara biyar na yi a wannan makaranta, ban taɓa sa rigar ƙungiyar farko ba sai sau biyu, su ma don golan makaranta ya kwanta zazzaɓi ne. Ni golan ƙungiya ta biyu ne, wato 'yan jiran gado. To amma da yake Allah ya ƙaddara daga baya na zama malamin wasanni, har na yi ritaya a kan wannan aiki, sai na ga ashe sakatare bai yi kuskure ba, domin abin da zan yi magana a kansa yau ita ce ƙungiya ta biyun nan da ake raina ta.

Bari in fara tuna mana yadda abin yake a zamaninmu. Mu yaran Garo da ƙauyukan da ke kewaye, da ƙwallon tsumma muka fara, a gonakin da aka girbe, bayan an kwashe kara. Kowa ya san zafin tuntuɓe da kututturen dawa. Daga nan sai firamare, inda hedimasta ke da ƙwallo guda ɗaya tak da yake kullewa a ofis. Da muka shigo nan sai muka tarar da tsari. Akwai gasar gidaje, kowane gida da manya da ƙanana. Daga gasar gidaje malamin wasanni ke tsamo ƙungiya ta biyu, daga ta biyu ake hawa ta farko, ita kuma ta farko ita ke shiga akori-kura ta tafi karawa da makarantun Gwarzo da Ƙaraye da Rimin Gado, in an yi sa'a har cikin birni. Malaminmu na wasanni, Allah ya jiƙansa, yana da wani littafi mai baƙin bango, wanda a ciki yake rubuta sunan kowane yaro, da ajinsa, da inda yake bugawa, da abin da ya rage masa ya koya. Kowane mako kuma akwai yammacin da ƙungiya ta farko ke karawa da ta biyu. Wannan wasa ya fi na baƙi zafi, domin doka ce, duk ɗan ƙungiya ta biyu da ya fi takwaransa sau uku a jere, to riga ta zama tasa. Saboda haka na sama ba ya barci, na ƙasa kuma ba ya fid da rai.

Sai dai wannan matakala tamu a bakin ƙofar makaranta ta ƙare, kuma nan ne maganata take.

Akwai wani abokinmu, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan cikin wannan ɗaki, kuma na nemi izininsa kafin in tashi. Duk wanda ya yi zamani da mu ya san lamba goma ɗinmu. Ni dai na yi shekara talatin ina kallon yara suna taɓa ƙwallo, ban ga wanda ƙafarsa ta hagu ta kai tasa ba. Da muka gama makaranta yana da shekara 18, sai ya tara kuɗin mota ya tafi Kano gwaji wurin wata babbar ƙungiya. Aka jefa shi cikin ƙarti 'yan shekara 27 da 30, waɗanda ƙwallon ita ce abincin iyalinsu, aka ba shi minti ashirin. Taɓawarsa ta farko ya yanke mutum biyu, ta biyu aka ɗauke shi sama. Aka ce masa yana da kyau amma ba shi da jiki, ya je ya dawo baɗi. To ina zai je? A gida babu ƙungiyar da za ta riƙe shi, babu gasa, babu mai horarwa. Ya koma sau biyu, kowace shekara yana komawa da ƙasa da abin da ya je da shi bara, saboda ƙwallo ba ta zama a ƙafar da ba ta bugawa. Daga nan ya kama noma da kasuwancin hatsi, kuma alhamdu lillahi Allah ya rufa masa asiri, ya fi da yawa daga cikinmu. Amma mutanen nan gaskiya suka faɗa masa, ba shi da jiki. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai yi shekara biyu ko uku yana buga wasa na gaske kowane mako har jikin ya zo.

Wannan tazara, daga shekara 17 zuwa 21, ita ce ramin da yaranmu ke faɗawa, kuma matsala ce ta ƙasa baki ɗaya.

Kun tuna watan Agustan 1985, muna hutu, ana tsakiyar damina, labari ya zo ta rediyo cewa yaran Nijeriya sun ci Jamus ta Yamma 2 da nema a ƙasar Sin, sun ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda shi ne karo na farko da aka yi gasar. Bayan nan mun sake ɗaukar kofin, da ya koma na 'yan ƙasa da 17, a Japan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, da Chile a 2015. Sau biyar ke nan. Amma babbar ƙungiyarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba, a nan ta tsaya a 1994 da 1998 da 2014. Ku dubi 2007 kawai. A wasan kusa da na ƙarshe yaranmu sun ci Jamus 3 da 1. A cikin waɗanda muka ci akwai wani yaro, Toni Kroos. Da ya koma gida bai zauna jiran baɗi ba. Ya buga wa ƙungiya ta biyu ta Bayern Munich, ana ɗan saka shi a ta farko, sannan aka ba da shi aro ga Leverkusen don ya riƙa samun wasa, ya dawo ya karɓi riga. Shekara bakwai bayan mun ci su, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin duniya na manya a Brazil. Haka nan a 1999, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20, har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Sifen ce ta ɗauki kofin. Xavi da Casillas suna cikin yaran, kuma su ne dai suka ɗauko wa ƙasarsu babban kofin a Afirka ta Kudu a 2010.

Mene ne wannan ƙungiya ta biyu a wurinsu? Ba taron 'yan benci ba ne masu ɗaukar ruwa. Cikakkiyar ƙungiya ce mai mai horarwa nata, da likita, da jadawalin wasanni. A Sifen da Jamus da Holan, irin waɗannan ƙungiyoyi suna shiga ƙananan rukunonin gasar ƙasa ne, su kara da manyan mutane na garuruwa, a kan maki na gaske, gaban 'yan kallo masu zagi. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne, ba za su hau rukuni ɗaya da uwar ƙungiyarsu ba. A nan yaro ke koyon abin da atisaye ba ya koyarwa, wato yadda ake karɓar ƙwallo da mutum a bayanka, yadda ake riƙe ci ɗaya a minti na tamanin, yadda ake tashi bayan an ci ka huɗu. In ya yi kuskure, ba a gaban duniya ya yi ba. Pep Guardiola da kuke ji, da ƙungiya ta biyu ta Barcelona ya fara aikin horarwa a 2007, kuma da aka ba shi babbar a 2008 sai ya taho da Busquets da Pedro, tun da ya riga ya san abin da za su iya.

Inda babu wannan, akwai aro. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a Chile a 2015, ya tafi Wolfsburg, ya kasa cin ko ɗaya. Da a nan ne da an ce ya ƙare, ko an ce an yi masa asiri. Sai aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, ƙungiyar da ba ta kai waccan ba amma take saka shi kowane mako. Daga can sai Lille, sai Napoli, har ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar ba ta da tabbas. Haruna Babangida, ƙanin Tijjani, ya shiga Barcelona tun yana ɗan yaro, ya yi shekaru a ƙungiya ta biyu yana zura ƙwallaye, amma bai samu gurbi a babbar ba. Duk da haka abin da ya koya a can ya ci abinci da shi a Yukren da Girka da wasu ƙasashe.

Yanzu sai in zo kan abin da ba mu son a faɗa, wato shekaru. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, har muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. Daga 2009 aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don a gane wanda ya wuce 17. A 2016 wannan gwaji ya zubar da kusan rabin yaran da aka tara, aka haɗa ƙungiya cikin gaggawa, maƙwabtanmu Nijar suka fitar da mu, mu da ke riƙe da kofin duniya. Su kuma suka wuce har gasar duniya a Indiya a 2017, karonsu na farko.

Ba zan tsaya ina nuna wa na sama yatsa ba, domin ni ma na yi. Wata shekara, a wata makaranta da na koyar, mun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar 'yan ƙasa da shekara 15, sai na sa wani yaro da na san sarai ya haura 18, aka aske masa gemu da safe. Mun ci wasan. Yaron da na cire don in sa shi, ɗan shekara 14 ne na gaskiya, ƙarami, mai kai. Bai yi mini magana ba, ya ninke rigarsa ya ajiye, kuma bai sake zuwa fili ba har ya gama makaranta. Kofin da muka samu yana can a wani ofis ya yi tsatsa. Iyayenmu malamai, ku gafarce ni, ba haka kuka koya mana ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne, shi ma wancan babban ba mugu ba ne. Ya rage shekaru ne saboda babu gasar da ta dace da shekarunsa. Da akwai ƙungiyar 'yan 18 zuwa 21 da zai shiga, da bai zo ya ƙwace gurbin ƙaninsa ba. Ashe rashin ƙungiya ta biyu da satar shekaru ciwo ɗaya ne.

Kano ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Dattawa sun tuna Raccah Rovers da ta ɗauki kofin lig a 1978. An kafa Kano Pillars a 1990, ta ɗauki lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da kofin ƙalubale a 2019, tana kuma da ƙaramar ƙungiya da ake kira Junior Pillars. Akwai gasar Ramat ta yara, wadda ake yi don tunawa da marigayi Murtala Muhammed, akwai gasar Tofa ta ƙungiyoyin jiha, akwai makarantun horar da yara. Daga ɗaya daga cikinsu, FC Heart, aka sami Musa Muhammed, kyaftin ɗin yaran da suka ɗauko kofi a 2013, da Alhassan Yusuf wanda ya tafi Suwidin, daga can Beljiyam, ya kuma buga wa Nijeriya. Ahmed Musa shi ma hawa-hawa ya yi, daga makarantar horarwa a Jos, zuwa ƙungiyar JUTH, zuwa Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan Holan da Rasha da Ingila. A 2025 aka naɗa shi babban manajan Pillars ɗin.

To amma duk waɗannan da na lissafa, a birni suke. Yaron Fagge ko Gwammaja da ƙafa zai taka zuwa fili inda masu neman 'yan wasa ke zama. Yaron Garo ko Gude ko Durun sai ya nemi kuɗin mota zuwa da dawowa, da wurin kwana, da wanda zai ce ya san shi. Kada kuma wani ya ce mini ƙauye ba ya fitar da ɗan ƙwallo. Sadio Mane daga wani ƙauye ya fito mai suna Bambali a kudancin Senegal, nesa da Dakar ƙwarai. Bambancinsa da abokinmu shi ne, da ya isa birni ya tarar da makarantar Generation Foot, wadda ta riƙe shi ta rene shi har ya tafi Metz ta Faransa a 2011.

Inda babu hanya ta gaskiya, 'yan damfara ke shigowa. Shekarun baya wani dattijo daga wani ƙauye kusa da nan ya same ni a gida da takarda mai tambari, wai an ɗauki ɗansa mai shekara 16 a wata ƙungiya a Turai, sai dai a biya kuɗin biza da jirgi. Kafin ya zo wurina ya riga ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya tura kuɗin. Ban san yadda zan dubi fuskarsa ba. Jama'a, ku riƙe wannan ku gaya wa iyaye. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa buga ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan hanyoyi ƙalilan da ba su shafi irin yaranmu ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara bugawa a Holan. Kuma ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan kuɗin jirginsa.

Akwai kuma wata doka da ta shafe mu, wadda galibinmu ba mu sani ba. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Misali, in an sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, Yuro 50,000 na masu reno ne, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 kaɗai tana da Yuro 10,000 a ciki. Ku lissafa da kanku a Naira. Amma sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta a waɗannan shekaru. Ba a biyan wanda ya ce ai kowa ya san ni na koya masa. Ashe littafin nan mai baƙin bango na marigayi malaminmu ya riga zamaninsa.

Na ga wasu daga cikin iyayenmu malamai suna girgiza kai, kuma na san abin da ke ransu. Malam, ranka ya daɗe, kai ne ka taɓa kora ta daga fili da bulala saboda na faɗi lissafi, kuma ina tare da kai har gobe. A cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannuna, waɗanda suka ci abinci da ƙwallo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gwiwa ɗaya ce za ta goce, shi ke nan. Saboda haka ban zo in ce a bar aji a koma fili ba. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya san ba zai sa riga ranar wasa ba sai ya halarci darasi, ya fi zuwa makaranta. Wanda ya gama kuma, in yana da atisaye da yamma da wasa a ƙarshen mako, da wuya ka gan shi a inda ake shaye-shaye ko bayan motar 'yan siyasa da gora.

Ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya. Da safen nan na zagaya filin. Turakun raga na gabas sun karye, an yi hanyar babura ta tsakiyar fili, gefen arewa kuma zaizayar ruwa ta cinye. Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba, akwai injiniyoyi da 'yan kwangila a cikinmu, na ga motocinsu a waje. In an gyara, shugaban makaranta ya taimaka a dawo da gasar gidaje da wasan mako tsakanin ƙungiya ta farko da ta biyu, da dokar nan ta sau uku a jere. Amma babban roƙona shi ne mu kafa ƙungiya ta waɗanda suka gama makaranta, 'yan shekara 17 zuwa 21, daga Garo da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, mu yi mata rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ta shiga ƙaramin rukuni, mu ɗauki nauyin mota da riguna da ɗan abin shan ruwa. Ba wanda zai shiga sai yana karatu ko yana koyon sana'a. Shekarun kowa kuma daga rajistar firamarensa za a ɗauko su, ba daga takardar rantsuwa ta kotu ba. Wanda ya cika 22 ya ba na baya wuri, ko da shi ne ke ci mana ƙwallo. Na san za a yi ta cin mu a shekarar farko, har a yi mana dariya a birni, sai mu daure.

Game da mai horarwa, na riga na yi magana da lamba goma ɗinmu. Ya ce gwiwa ta tsufa amma ido bai tsufa ba, kuma zai ba da yammaci biyu a mako in ba ranar kasuwa ba ce. Ni kuma na sayo littafi, ga shi nan, baƙin bango ne da shi, zan riƙe rajista. Ma'aji yana bakin ƙofa da takarda, duk wanda zai ɗauki turke ɗaya, ko ƙwallo, ko kuɗin mota na wasa ɗaya, ya rubuta sunansa kafin a shiga cin abinci, domin na san halinmu in an ƙoshi.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya.